Shafin Kawu Ladan da Khamisu Ya Goge

Ni Mastura ce nake buga wannan ba Kawu ba, kuma sauri nake kafin tikitina na kafen intanet ya ƙare, in kun ga kuskure ku wuce kawai.

Kawu Ladan ƙanin Mamata ne. Gadi yake yi a wani sito a Ilupeju tun ban fara tafiya ba. Ba ya shan taba, ba ya zuwa kallon ƙwallo, shi dai karatu. In ya je Ebute Metta sai ya kwaso tsofaffin littattafan da ake zubewa a ƙasa, wani babu bango wani babu ƙarshe, ya ce ba komai shi zai ƙarasa musu a kansa.

Da Anti Christy ta buɗe kafe a layinmu nan Agege, shekarar da sojoji suka sauka, ita ta buɗe masa shafi a intanet. Kullum ya taso aiki sai ya zo ya zauna ya rubuta abin da ya gani da abin da ya karanta, da yatsa ɗaya. Wane ya iso Legas lafiya, matar wane ta haihu, kwandastan bas ɗin danfo ya zage shi da Yarbanci ya rama da Hausa. Can gida kuma Malam Ƙasimu, malamin firamaren garinsu, in ya shiga Zariya sai ya sa a fitar masa a takarda, ranar kasuwa ya karanta wa mutane. Da haka iyaye ke jin labarin 'ya'yansu 'yan ci-rani.

To matsalar Kawu ɗaya, ba ya iya rubutu shiru. Duk harafin da zai danna sai ya faɗa da ƙarfi, yadda ya saba tun yana yaro. Har faswod ɗinsa! Anti Christy ta yi ta fama.

"Baba Ladan abeg, wannan ba a faɗa, sirri ne!"

"Christy, wa zai sace labarin mai gadi?"

Kowa a kafen ya haddace faswod ɗin, har yaran Yarbawa, kuma ba wanda ya taɓa.

Sai Khamisu. Ɗan garinsu ne, Kawu ne ya tarbe shi a tasha, ya kwana ɗakinmu har ya samu wuri. Wata rana Kawu ya gan shi yana dakon buhunan fulawa a Ilupeju, ya ji daɗi, ya rubuta wai Khamisu ba rago ba ne, Allah ya sa albarka. Yabo fa! Ashe shi Khamisu ya ce wa mutanen gida oga ne shi a tashar jiragen ruwa, har hoto ya aika musu sanye da kwat ɗin aro. Malam Ƙasimu ya karanta a kasuwa aka yi ta dariya.

Khamisu bai zo ya ce Kawu ka ɓata min ba. Ya gaishe shi a masallaci yana murmushi, ya shigo kafe da rana Kawu na wurin aiki, ya sayi tikiti ya shiga shafin da faswod ɗin nan ya goge komai. Komai wallahi. Haihuwa, rasuwa, littattafan nan, har abin da Kawu ya rubuta ranar da aka binne Kakata bai samu zuwa ba.

Kawu ya zo ya ga fari fat. Ya ce Christy ko injin ne? Ta ce "Baba, Khamisu ya zauna nan ɗazu." Ya ɗauki hularsa ya fita. Tun ranar bai ƙara tako kafen ba, littafi ma ya daina buɗewa, sai ya zauna yana kallon bango. Mama ta ce a bar wa Allah. Na ce Mama na bari, amma ni ma Allah ya ba ni yatsu.

Na je wurin Anti Christy na ce ta buɗe sabo. Ina zaune ina kuka ban san me zan sa ba, sai Amadou mai shayi da ke bakin ƙofa ya leƙo.

"Ke, fara da na kwandastan nan. Na riƙe shi tas."

Ya zuba min shi kamar Kawu ne ke magana. Ashe duk ihun nan da Kawu ke yi yana bugawa ya zauna a kan mutane! Wannan ya kawo guda, wancan ya gyara masa, a'a ba haka ya ce ba. Anti Christy ta tuna na Kakata. Malam Ƙasimu kuma ya aiko cewa zai ba direban Legas takardun da suka rage a hannunsa.

Amma ni na san labarin da zai hau saman shafin. Na Khamisu. Na samu mai hoto ya tsaya masa a ƙofar siton da yake dako, ya ɗauke shi da buhu a ka fuska duk fulawa, muka sa shi gefe da gefe da na kwat ɗin, wanda ya yi ta rabawa da hannunsa.

Jiya na jawo Kawu da ƙyar. Ya zauna ya karanta tun daga sama da ƙarfi yadda ya saba. Da ya zo kan hoton ya daɗe yana kallo, na ce shi ke nan zai ce a cire.

"Mastura."

"Na'am Kawu."

"Ba a ƙara masa girma? Malam Ƙasimu idonsa ba kyau."

Anti Christy ta ƙara. Khamisu, na san kana karantawa. Faswod ɗin yanzu a kaina yake, ni ke danna wa Kawu, kuma ni ba na magana in ina bugawa. Ga Kawun nan ma a bayana yana cewa in tashi masa a kujera.