Ledar Jinin Isiya

Ban yi karatu ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, kuma na ce kada a gyara mini magana.

Ranar Alhamis ce, bayan an gama yankan gero. Ƙauyenmu yana arewa da Sule Tankarkar, gida goma sha ɗaya, muna noma muna kiwo. Da asuba maza suka hau babura suka tafi kasuwar Maigatari, har da ɗana Isiya. Malam, mijina, bai je ba, gwiwa ta hana shi. Na tatsi shanu, na ɗora ruwan kunu. Shi yana gindin aduwa yana tufka igiya.

Da hantsi muka ji babura. Lokacin dawowa daga kasuwa bai yi ba. Bakwai na ƙirga, kowanne da goyo. Harbin farko sama aka yi. Kaji suka watse, karnuka suka yi shiru.

"A kwanta! Kowa ya kwanta!"

Duk sun rufe fuska da rawani sai mutum ɗaya. Na san shi. Mako biyu kafin nan ya zo mana da sunan dillali. Ya zagaya garke, ya duba haƙoran bijimai, ya tambayi ranar da mazanmu ke fita kasuwa. Ya sha furata har ya nemi ƙari. Kunnensa na hagu a tsage yake.

Malam ya dafa ƙasa ya miƙe, igiyar tana hannunsa. "Kai! Ba kai ka ci abinci a gidan nan ba?" Iyakar abin da ya ce ke nan. Mutumin ya harbe shi a ciki.

Suka kora shanu arewa. Suka cinna wa rumbuna wuta. Maƙwabciyata Dije ta fito da gudu da goyonta, aka harbe ta a bakin rijiya, harsashi ɗaya ya tafi da su biyun. Gero yana ƙonewa yana ƙara kamar ruwan sama a kan kwano.

Ni da Hajara, matar Isiya, muka ja Malam zuwa amalanken jaki. Na ɗaure masa ciki da mayafina. Ba mu bi hanya ba, ta cikin gonaki muka yanka. Sauran mata suna gaba da yara, ba mai kuka da ƙarfi. Can daga arewa muka ji wani harbin. Daga baya muka ji 'yan banga ne suka tare ɓarayin kusa da iyaka.

Ana kiran azahar muka kai titin Ɗanzomo. Wata motar buhuna ta ɗauke mu. Da la'asar muna asibitin Gumel, a nan Isiya ya same mu. Likitoci suka sa wa Malam ruwa, suka rubuta takarda, suka ce sai asibitin koyarwa na jami'a a Kano. Bayan magariba muka shiga birni.

Ba zan yi musu ƙarya ba, sun karɓe shi da gudu. Aka yi masa aiki, aka ƙara masa jini daga ma'ajiyarsu. Da safe suka ce haka tsarinsu yake: in an ba majinyaci jini, danginsa su mayar da wani. Isiya ya kwanta aka ɗebi leda ɗaya. Na gan ta da idona, ja har ta yi baƙi. Aka ce nasa bai dace da na ubansa ba, za a ajiye wa wani mabuƙaci.

Kowace safiya babban likita yakan shigo da ɗalibai a bayansa, duk da fararen riguna. Su tsaya kan Malam, a buɗe ciwon, ya yi ta tambayarsu da Turanci suna rubutawa. Wata ɗaliba, 'yar Haɗejiya, ita ke mayar mini da Hausa. Ita ta kawo takarda ta ce suna bincike a kan raunin harsashi, don na baya su amfana, in ban yarda ba ba dole. Na dangwala yatsa.

A gadon da ke kusa da na Malam akwai wani da aka kawo kwana ɗaya bayanmu. An naɗe masa kai da rabin fuska, cinyarsa ma a ɗaure. An ce matafiyi ne ɓarayi suka harba. Ba shi da mai jinya. Na ba shi ruwa sau biyu da hannuna.

Ranar Lahadi da hantsi babban likita ya tsaya a kansa, ya ce wani ɗalibi ya kwance naɗin a gani. Aka yi ta warwarewa. Kunnen hagu ya fito, a tsage.

Na zauna a tabarmata har suka gama darasinsu suka wuce. Aka zo aka rataya masa ledar jini, yana sauka ɗigo-ɗigo ta siririyar roba zuwa hannunsa.

Da aka kira azahar masu jinya suka fita alwala. Malam yana barci. Na tashi na tsaya a kan mutumin. Ya buɗe ido, ya gane ni. Na kama robar. Niyyata in fizge, in tsaya in ga jinin yana kwarara a ƙasa yadda na Malam ya kwarara a amalanke. Wallahi niyyata ke nan, kuma a rubuta.

Sai ga ɗalibar nan a bayana, tana murmushi.

"Iya, kin gane ta ne? Ai ta Isiya ce. Da ba don ita ba, da bawan Allahn nan bai kai gobe ba."

Don ta faranta mini ta faɗa. Na dubi ledar, saura kamar rabi. Wata tara na ɗauki wannan jinin. Hannuna ya ƙi fizgewa. Na tsaya ina riƙe da robar, ina jin sanyinta, jinin yana wucewa ta tsakanin yatsuna yana shiga jikinsa.

Sannan na yi ihu. "Shi ne! Ku zo, shi ne ya harbe shi!"

Ɗaki ya cika. 'Yan sanda suka zo suka ɗaure ƙafarsa da ƙarfen gado. Na roƙi babban likita ya cire ledar. Ya durƙusa a gabana, babban mutum da furfura, ya ce: "Iya, ki yi haƙuri. A nan ba mu iya zaɓe." Washegari ya tsaya da ɗalibansa a kan Malam, sannan suka matsa gado na gaba, da murya iri ɗaya.

Ciwon Malam ya yi ruwa daga ciki. Suka sake shiga da shi aiki. Ranar Talata bayan la'asar ya cika. Shekara arba'in da huɗu muna tare, ban taɓa kiran sunansa ba. Da muka fito da shi, wancan yana zaune a gado yana shan kunu.

Ya warke. An ce da ƙafarsa ya fita tsakanin 'yan sanda. Inda aka kai shi ban sani ba. Isiya ya ce lada ne Allah ya rubuta masa. Na ce ya riƙe ladansa, ni ban yafe ba. Bayan kowace salla ina kai ƙarar mutumin wurin Allah. Ba na roƙon a harbe shi, don abin da zai zuba namu ne. Ina roƙon ya bushe a tsaye kamar geron da fari ya kama, ya nemi mai ba shi ruwa ya rasa.

Ba mu koma ƙauye ba. Muna Gumel, a ɗaki ɗaya a gidan ƙanena. In an zo gaisuwa aka tambayi abin da muka rasa, nakan faɗa. Malam. Dije da ɗanta. Shanu ashirin da uku. Rumbu huɗu. Sai leda ɗaya. Likitoci sun gaya wa Isiya cewa jininsa ya daɗe da komawa daidai. Ni har yau cikin kayan da aka sace nake ƙirga ta.