Gorar da Kwaɗo Ya Busa

A ƙauyenmu na bakin ruwa, can ƙasar Ngaski, kakarmu Inna Hajo kan yi mana tatsuniya ne a gindin bandar kifi. Tana juya kifi tana ba da labari, hayaƙi na sa mu hawaye amma ba mai tashi.

Lokacin wayar hannu ɗaya ce a garin, ta Babanmu. Sabis sai a kan wani dutse bayan gari, caji kuwa sai ranar kasuwar Yauri, a kwalekwale. Wata Juma'a Kawu Sani, autan Inna, da ke kwance a asibiti a Legas, ya aiko cewa zai kira ya nemi gafararta. Baba ya ba ni ajiyar wayar. Ni kuwa, 'yar shekara goma sha ɗaya, na shige bayan rumbu na yi ta wasan macijin nan na cikin wayar har ta mutu.

Maza huɗu suka ɗauki Inna suka hau da ita dutsen. Na riƙe wayar sama na ce, "Babu sabis." Haka ta zauna cikin rana har la'asar. Ranar Lahadi direban mota ya kawo labarin rasuwar Kawu.

Bayan sadakar bakwai Inna ta tara mu za ta yi tatsuniya.

"Ga ta nan tahe cikin jirgi," in ji ta.

"Ta iso mu tarbe ta," muka amsa.

Wani saurayi ne, ta ce, ajali ya riske shi a tsallaken ruwa. Ya hura maganarsa ta ƙarshe cikin gora, ya toshe, ya ba kwaɗo ya kai wa uwarsa. A hanya kwaɗo ya buɗe gorar yana busa, yana jin daɗin sautin, har maganar ta ƙare. Ya miƙa wa tsohuwa gora wayam.

"Inna, mi anka yi mai?" in ji ƙanena.

Ta kafe ni da ido. "Ba a yi mai komi ba. An bar shi da rai, shi yi ta kuka bakin ruwa."

Ba ta taɓa tona ni ba, ba ta kuma yafe ba. Shekara tara ta ƙara a duniya, har aka kafa ƙarfen sabis a garinmu. A da ina ganin kwaɗon ya tsira. Yanzu na san duka ya fi sauƙi. Kullum na durƙusa na ce, "Ina kwana, Inna?" amsarta ɗaya ce: "Rabi, akwai sabis?"