Tsohon Da Na Sauke A Gadar Gota

Jama'a, abin da zan faɗa muku wallahi a kaina ya faru, ba a benci na ji shi ba. Shekara huɗu ke nan, lokacin ina zaune a Maamobi, ina sayar da zare da zif da maɓalli a wani ɗan shago a kasuwar Makola, inda nake har yau.

Shekarata hamsin da ɗaya a lokacin, kuma ku sani, a gidanmu maza ba sa tsufa. Mahaifina hawan jini ya ɗauke shi yana da hamsin da biyu, wana bai kai hamsin da biyar ba, ni kuma na yi jinkirin aure, 'ya'yana mata uku duk ba wadda ta gama firamare. To sai ga shi in na ɗago daga sujada gwiwata ta yi ƙas har na kusa da ni ya waiwayo, zare kuma ya ƙi shiga allura sai na miƙa hannu can nesa. Ranar da kwandastan trotro, motar hayarmu, ya dube ni ya ce, "Oluman, zo gaba," wato tsoho, ranar ko abincin rana ban iya ci ba. Na je asibiti, likita ya gwada ni ya girgiza kai, ya rubuta magani, ya ce kuma lallai in riƙa motsa jiki. Shi ne na sayi keke na hannu mai kariyar ɗaukar kaya a baya, maiɗakina Memuna tana min tsiya wai tsoho ya koma ɗan makaranta.

Wata biyu lafiya ƙalau, in fita ƙarfe bakwai, in isa da gumi, ina jin kaina wani saurayi. Sai wata safiya, daidai ƙaramar gadar da ke kan babbar gotar Nima, magudanar ruwan nan, keken ya yi nauyi. Ba nauyin hawa tudu ba, a'a, irin dai wanda kake ji in an ɗora maka buhun masara a baya, har tayar ta ɗan lotsa. Na waiwaya, ba komai. Haka na yi ta fama da feda har bakin Makola, a nan ya sake ni. Washegari haka, jibi haka, kullum a gadar nan. Mai gyara ya juya keken sama da ƙasa ya ce ƙalau yake. Ni kuwa sai na ce shi ke nan, zuciya ce ta fara gazawa, abin gidanmu ya iso. Ban gaya wa Memuna ba, sai dai in zauna ina kallon yaran suna cin abinci, hawaye na neman zubo min.

Akwai Mma Adiza mai waakye, shinkafa da waken nan namu, teburinta na gindin gadar. Wata rana da yamma na tsaya saye, tana naɗe min a ganye sai ta ce Allah ya yi min albarka, yaran yanzu ba mai ɗaukar tsoho a keke, ni kuwa kullum ga ni ga shi. Wayyo Allah! Ban tambaye ta ko wane tsoho ba, tsoro bai bar ni ba. Da gari ya waye na ɗauki sifana na tafi gadar, na kwance kariyar ina karanto duk ayar da ta zo bakina, na wurga ta cikin gota, na ce ko wane ne, ya sauka, kada ya ƙara hawa min keke har abada. Na hau, keke kamar takarda. Ranar har mutane biyu na saya wa koko don murna.

Bayan mako guda Mma Adiza ta tare ni. Hausarta irin ta Nima ce, ta ce, "Ei, ina babanka? Shi ba lafiya ne?"

Na ce mahaifina ya fi shekara talatin a kabari. Ta yi dariya, wai in daina wasa, ai kamarmu ɗaya sak, sai dai shi gemunsa fari fat, bayansa ya ranƙwafa, zai yi tamanin ko fiye, kuma kullum murmushi yake, ya dafa kafaɗata da hannun hagu.

"Har guntun yatsan nan naku na gado," ta ce, tana nuna hannuna.

Jama'a, yatsan nan ba gado ba ne. Injin niƙa ne ya cinye min kan ƙaramin yatsana na hagu ina ɗan shekara tara, kuma duk danginmu ni kaɗai ke da shi.

Na tafi wajen limamin masallacinmu, Malam Issaka, na zayyana masa komai. Ya daɗe yana jan carbi, ya ce gaibu sai Allah, shi ba zai ce min ga abin da na ɗauko ba. Har na miƙe zan sa takalmi, sai ya ƙara da cewa, a hankali, "Amma da ni ne, da ban sauke shi ba."

Na shiga gotar nan da wandona neman kariyar, ruwa ya riga ya tafi da ita. Na sayi sabuwa na ɗaura, har matashi na ɗinka mata. Tun daga ranar, kowace safiya sai na tsaya a gadar, in sauke ƙafa ɗaya in jira, in ce, "Baba, ka yi haƙuri, hau mu tafi." Masu wucewa sun ɗauka na taɓu. Ina shan maganina, ina taka kekena, na bar gishiri, duk abin da likita ya ce ina yi, amma keken nan bai ƙara yin nauyi ba ko sau ɗaya.

Don haka ku da kuke tsinke furfura gaban madubi, ku ji shawarata, in tsufa ya hau bayanku ku ɗauke shi da hannu biyu, don ba kowa yake samu ba. Ni watan gobe zan cika hamsin da biyar, babbar 'yata ko sakandare ba ta gama ba. Yau da safe ma na tsaya a gadar na dubi Mma Adiza, ta leƙa bayana, ta girgiza kai, ta ce, "Yau ma kai kaɗai ne."