Yaya Mai Fotokwafi da 'Yar Dogo

Yayana yana da shagon fotokwafi a bakin ƙofar jami'a, shekara ashirin ke nan. Kujerarsa kullum bayanta ne ke kallon titi. Yakan ce saboda rana ne. Ƙarya yake yi, motar Dogo ce ba ya son gani.

Ɗakinsu ɗaya da Dogo lokacin suna ɗalibai. Yaya ya fi shi kai, wannan ko ni ƙanwarsa da ba na raga masa na shaida. Amma Yaya ya ɗauka duk kwas kwas ne. Ya zuba ƙarfinsa a ƙanana masu yunit ɗaya yana kwasar A, ya yi wa mai yunit huɗu riƙon sakainar kashi. Sai da sakamako ya fito ya gane makin kowane kwas da yunit ɗinsa ake ninkawa, a tara, a raba da jimillar yunit. GPA ɗinsa ya zube, aka sallame shi. Dogo ya san lissafin tun farko, bai ce uffan ba. Yau Farfesa ne.

Tun daga nan Yaya yake buga wa ɗalibai lissafin kyauta, a bayan takardun da injin ya ɓata.

Rannan ina shagon wata yarinya ta shigo, doguwa, 'yar Dogo ce, hancin uban sak. Idan GPA ɗinta bai kai uku da rabi ba, za a janye mata tallafin karatu.

"Kawu, duba mini," ta ce. "Ƙananan nan uku masu yunit ɗai-ɗai zan kama da kyau. Babban mai yunit huɗu ya fi ƙarfina, ko D ma ta ishe ni."

Yaya ya ƙura wa makullin motar da ke hannunta ido. Na ga haushin shekara ashirin ya taso masa har wuya.

"Allah ya ba da sa'a," ya ce.

Ta kai bakin ƙofa. Wallahi ni ma raina cewa yake ƙyale ta.

"Ke! Dawo." Ya fizgo takarda. "A biyar ce, sau uku, sha biyar. D biyu ce, sau huɗu, takwas. Ashirin da uku raba bakwai, ya kai uku da rabi? Koma kan babban, 'yar nan."

Ta zaro ido, ta yi ta godiya. "Bari in gaya wa Baba!"

"Kada ki wahalar da kanki," in ji Yaya, yana gyara wa kujerarsa zama. "Ya san lissafin tun tuni."