Dutsen Taimamar Sha'aban

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 14 ga Mayu, 2025, Allah Ya karɓi ran Sha'aban Ma'azu, ɗalibi a nan Guangzhou, bayan jinyar ƙoda. Har yau kaina a ɗaure yake.

Sha'aban, tun kana raye ban gama gane ka ba. Mu mun zo auno kaya, kai ka zo karatun fumfuna. Kuma wai wadda ke zaune a cikin duwatsun ƙarshen duniya ta kudu, inda ƙanƙara ba ta barin ko ciyawa ta tsiro. Mukan tsokane ka a shagona na kasuwar Liuhua, mu ce fumfunar tuwon Kano ba ta ishe ka ba? Sai ka yi dariya, ka ɗauki wayata ka fassara mini rigimar masu masana'anta, ko shayi ba ka karɓa.

Malamarka ta ba ka wani guntun dutse da ya ragu daga bincikenku. Ka nuna mini baƙin layi siriri a cikinsa, ka ce mai rai ne, yakan bushe ya yi shekaru shiru, in ya sami danshi ya farka. Na ce to, amma ban gane ba.

Da alwala ta gagare ka a asibiti, Ango maƙwabcinka ya zaga unguwa neman dutsen taimama, ko'ina kwalta da tayil. Sai ya ɗauko wannan guntun dutsen daga teburinka. Ka dube shi, ka yi murmushi, ka ɗora tafukanka. Da shi ka yi sallolinka na ƙarshe.

Jiya mahaifiyarka, Hajiya Rekiya, ta kira ni. Ba ta ga gawarka ba, nan muka binne ka. Ta ce, "Sabiru, ba na son kayan sawarsa. A kawo mini abin da hannunsa ya taɓa."

Na tambayi malamarka ko abin da ke cikin dutsen zai jure zafin Kano. Ta yi hawaye, ta ce da kana raye kai ne za ka bincika wannan.

Na naɗe dutsen a hularka, Ango zai kai mata. Ban san ko dutse na aika wa tsohuwa ba, ko mai rai da ke barci.

Allah Wanda bai manta da halittarSa a cikin dutse ba, kada Ya bar ka kai kaɗai a ƙasar baƙunta. Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya ba Hajiya da 'yan'uwanka haƙuri.