Maman Ƙauna da Na'urar da Ta Ƙi Tashi

Shekara goma sha bakwai muna aiki tare da Dorcas a wani ƙaramin asibitin haihuwa da ke Tirwun. Ni Habibatu ungozoma ce, ita kuwa tun zuwanta a tagar kati aka ajiye ta. 'Yar Bogoro ce, aure ya kawo ta Bauchi, suna zaune a Ɗan Iya da mijinta mai walda. Babbar 'yarta Ƙauna, shi ya sa muke ce mata Maman Ƙauna. A sakandare karatunta ya tsaya. Na faɗi wannan tun da wuri ne kada wani ya zaci wata injiniya ce daga jami'a.

Mace ce mai shegen bin ƙwaƙƙwafi. In kati ɗaya ya ɓace, ba ta cin abinci sai ta gano shi. Da aka kawo kwamfuta asibitin duk muka ja da baya, ni kam har yau da yatsa ɗaya nake danna ta. Dorcas ta liƙe mata. Duk ranar da Lucky, mai gyaran da ya haɗa mana tsarin, ya zo, sai ta tsaya a bayansa da littafi tana rubuta abin da ya danna, har ya fara ƙosawa. Lokacin hutu muna cin masa muna gulma, ita tana kallon darasi a waya. Cikin shekara uku ta zama ita ke tayar da tsarin in ya faɗi, sai Dakta Abosede, mai asibitin, ta ba ta makullin ɗakin kwamfuta na riƙon ƙwarya.

Babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan masu cikinmu shan wuta gare ta kamar dutsen guga. Da an ɗauke wuta, minti ashirin batir ya mutu, mu koma laluben takardu, mata na jira a benci. Dorcas ta gano wata 'yar na'ura mai girman sabulun wanki, wadda batirin sola ɗaya zai riƙe ta yini guda. Ta dinga yi wa Dakta naci har ta saya. Lucky ya ce kayan wasan yara ne.

Manhajar asibitin a ɗaure take ƙunshi uku, kowanne da duk abin da yake bukata a cikinsa. Masu sana'ar suna kiran irin wannan ƙunshi kwantena. Ɗaya yana ajiye bayanai, ɗaya yana nuna su a allo, na ukun, wanda Lucky ya haɗa da kansa, yana tura wa mata saƙon tunin ranar awo. Amfaninsa, in ji Dorcas, ka ɗauke shi daga wannan na'ura ka sa a waccan, ya ci gaba da aiki.

To, a wajenmu ba mai sauke babban abu daga intanet. Sabis ɗin sai ka fita bakin titi kana ɗaga waya sama. Kowa da filashinsa na kwafar abubuwa, wa'azi ko fim ko manhaja, daga hannu zuwa hannu ake yi. Ita ma haka ta yi ranar Asabar: ta kwafe kwantenonin uku daga tsohuwar kwamfuta, ta juye a sabuwa, ta tayar. Suka tashi, suka faɗi nan take. Ta sake, suka sake faɗuwa. Ta goge, ta canza filashi, ta canza wayar haɗi, duk a banza.

Ranar Litinin Lucky ya zo, ya duba na minti biyar, ya kakkaɓe hannu.

"Jabu aka sayar muku, Dakta. Ai na faɗa. Aikin kati daban, wannan daban."

Ran Dakta ya ɓaci. Da Hausarta da ba ta raba mace da namiji ta ce, "Dorcas, kai ne ka ce in saya. In Laraba ya zo bai tashi ba, ka ba Lucky makulli, ka koma taga."

Laraba ce ranar awo. Na ji haushin Lucky har wuya, amma ban san komai a kwamfuta ba balle in tsaya mata.

Ran Litinin ɗin bayan azahar Dorcas ta leƙo ɗakin haihuwa ta yafito ni. Ta daina sake tayarwa, ta koma karanta bayanin da na'urar ke rubutawa duk lokacin da abu ya faɗi. Layi ɗaya ne yake ta maimaituwa, wai ba ta gane tsarin abin da aka ba ta ba. Dorcas ta rubuta wani gajeren umarni, na'urar ta nuna irin ƙirarta. Ta rubuta wani, kwantenan ya nuna irin ƙirar da aka gina shi dominta. Ko ni na ga kalmomin biyu ba iri ɗaya ba ne.

"Sista, na'urar nan lafiyarta ƙalau. Ƙwaƙwalwarta ƙirar ARM ce, irin ta wayoyi. Tsohuwar kuwa wata ƙira ce daban, kuma don ita aka gina abin da na kwaso. Kamar ki ciro tayar motar Dakta ki ce za ki ɗaura wa keke. Da daga intanet na sauke, da da kansa zai zaɓo wanda ya dace. Filashina ne ya jawo."

Na ja ƙofa na rufe. "Maman Ƙauna, ki gyara abinki ki yi shiru. Wa ya sani? Ki ce sabis ne."

"In na ce sabis ne, gobe wani zai sake yi."

Na yi tsaki na fita. Taurin kanta ya sha ba ni ciwon kai.

Talata da safe ta hau keke zuwa GRA, ofishin wata 'yar cocinsu inda intanet ke gudu. Ta sauke kwantena biyu masu ƙirar da ta dace. Na ukun babu shi ko'ina, tunda haɗin Lucky ne, sai an sake gina shi, kuma takardar haɗin tana hannunsa. Ni ce da ko kusa da shagonsa ba zan bi ba. Ita ta tafi har Wunti ta same shi, ta bayyana masa abin da ta gano, ta roƙe shi takardar. Ta ce ya duba allon wayarta, sannan ya tura mata.

A kan 'yar na'urar ta yi ginin. Karon farko ya tsaya a tsakiya, domin wani ɓangare da ke cikin haɗin shi ma na tsohuwar ƙira ne. Ta nemo madadinsa, ta gyara layi ɗaya, ta sake. Ana kiran la'asar kwantena na uku ya tashi ya tsaya da ƙafarsa. Ta juye bayanan matanmu, ta bi suna ashirin ɗaya bayan ɗaya tana gwadawa da katinsu.

Laraba da sassafe, a gaban ma'aikata duka, ta ce wa Dakta, "Mama, ta tashi. Ba jabu ba ce, kuma ba laifin kowa ba ne. Ni ce na yi kuskure." Ta zayyana komai har da filashin. Ni dai na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Dakta ta shige ofis.

Ƙarfe goma sha ɗaya aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya, matan da ke benci suka yi "haba" gaba ɗaya, wasu har sun fara gyara goyo, sun san zaman ya yi tsawo. Allon bai ko ƙifta ba. Dorcas ta kira suna na gaba. Mata sittin da uku muka auna ran nan, ba wadda aka nemi takardarta aka rasa.

Da yamma Dakta ta fito ta tsaya a tagar kati. "Ka tattara kayanka daga nan. Daga Litinin wata za ta zauna. Ɗakin kwamfuta naka ne. Mutumin da ya ce ni ne na ɓata, shi nake so ya riƙe mini bayanan mutane."

Dorcas ta durƙusa ta yi godiya, ta fara kwashe biro da stamfi tana zubawa a leda. Ni da na karɓi haihuwa ta fi dubu ban taɓa kuka a bakin aiki ba, ran nan sai da na shiga sito na rufe ƙofa. Ina alfahari da ita, kuma ina jin kunyar shawarar da na ba ta.