Tofin Yaya Sale a Ƙofar Makarantar Katolika

Shekara tara ke nan da muka rufe Yaya Sale, mahaucin da duk Zongon Lome ya sani da saurin fushi. Ni ƙanwarsa ce. Da ba don abin da ya faru a gidansa makon jiya ba, da addu'a kawai zan yi masa in yi shiru.

An ajiye wa jikarsa Nafisa kwanon shinkafa da wake a gaban baƙi. Yarinya ta ɗaga hannu ta taɓa goshi, ta taɓa ƙirji da kafaɗu, alamar gicciye, kamar yadda take ganin 'yan ajinsu na makarantar Katolika suna yi kafin cin abinci. Ƙanenmu Alhaji Bala, wanda yanzu shi ne babba a mazan gidan, ya miƙe tsaye.

"Wallahi ta gama zuwa wurin nan!"

Ya ce ranar Juma'a bayan masallaci za a zauna a yanke magana. Uwar yarinyar, Rabi 'yar Yaya Sale, wadda ta dawo gida da marainiyarta bayan rasuwar mijinta, ba ta iya musu da baffanta. Ni kuwa tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Abin da Alhaji ya manta shi ne Rabi ma ta taɓa yin haka tana ƙarama, a wannan tsakar gidan. Mutane suka yi ca a kan Yaya Sale. Duk zafinsa, bai dake ta ba. Washegari ya bar rumfar nama, ya kama hannunta ya je wurin Maser, wato matar cocin da ke shugabantar makarantar. "Karatu na kawo ta," in ji shi, "addini akwai shi a gida." Ta ce ta ji. Daga ranar, lokacin addu'arsu, yaran Musulmi naɗe hannu suke yi su tsaya shiru.

Amma bai bar mata aikin ita kaɗai ba. Kowace safiya sai ya raka Rabi, ya dafa kanta a bakin ƙofa, ya karanta Ayatul Kursiyyu ya tofa mata. Maser na tsaye da ƙararrawa a hannu, ba ta kaɗawa sai ya shafa addu'a.

To me aka samu? Makarantar da in yaro ya yi fashi, malami zai biyo shi har gida ya ji lafiya. Can Rabi ta koyi kiyaye lokaci da tsabta da kallon mutum ido da ido. Yau ungozoma ce a unguwar Adakpame, tana juya Faransanci da Mina da Hausa, matan Zongo ita suke nema in naƙuda ta zo. Autan Alhajin ma a hannunta ya faɗo. Salla kuwa ban taɓa ganin ta wuce ta ba.

Da Yaya Sale zai leƙo yau, na san ba Nafisa zai harara ba, mu zai harara. Mu da muke ɗora ta a babur ɗin haya da safe, ko bisimilla babu, mu juya mu koma harkarmu. Kai, abin kunya ne!

Ban san me za a yanke ranar Juma'a ba, kuma ina jin tsoro. Amma gobe da safe Alhaji zai ga rumfata a rufe. Ina bakin ƙofar makaranta, hannuna a kan Nafisa.